Fatun Layya a Kasuwar Gandi

Da na fito daga makarantar horon malamai, hukumar En'e ta tura ni wata elemantare a ƙasar Rabah, tafiyar hantsi daga Gandi. Zamanin Turawa ne, bayan sun gama babban yaƙinsu. Ni ba mai zurfin karatu ba ne, amma ina son tsari, kuma yara sun san ni da haka. Wanda ya makara ya tsaya a rana. Wanda ya zo da ƙazamar riga ya koma rijiya. Ba na dariya a aji, ba na kuma son a yi.

A littafin lissafin aji huɗu akwai babi a kan ciniki. An zana kanti, kaya a jere, an rubuta kuɗin kowane abu a jikinsa, mai kanti yana tsaye a bayan tebur. Yara suna yin lissafin daidai, amma babu wanda ya taɓa shiga irin wannan kanti a cikinsu. A kasuwanninmu ba a rubuta kuɗin komai. Mai kaya ya faɗi nasa, mai saye ya taya, a yi ta ja har a sallama ko a rabu. Na ga idan na tsaya ga littafin kaɗai, zan yaye yaran da suka iya ciniki a garin da ba za su taɓa zuwa ba.

Saboda haka na fara tara kaya a wani tsohon akwati a bayan aji. Na sa mudu da ƙwarya, na sa gero da dawa da wake, na sa albasar Wurno manya da ƙanana. Daga baya na je wurin Sarkin Pawan garin, wani dattijo mai ƙatuwar murya, na roƙe shi aron fatun awaki. A wancan lokaci fatar jar akuya ita ce abin da kamfanonin Turawa suke nema a ƙasarmu, kuma ba duka suke saye kuɗi ɗaya ba. Wadda aka feɗe ba yankan wuƙa, aka ɗaure ta da igiya a jikin itace ta bushe a inuwa, ita ce ta gaba. Wadda aka shimfiɗa a ƙasa rana ta ƙona ta, ko wuƙa ta huda ta, ita ce ta baya. Sarkin Pawa ya ba ni irin kowace, ya ce in mayar masa idan na gama wasan yarana.

Kowace Alhamis sai mu ture bencina gefe, mu shimfiɗa tabarmi, aji ya zama kasuwa. Na kafa musu ƙa'ida. Da farko a gaisa. Sannan a duba kaya da ido da hannu. Sannan a tambayi kuɗi, sannan a taya. Wanda ya tsallake mataki ya koma farko.

Akwai wani babban yaro a ajin, gashin baki ya fara tsiro masa. Ɗan gidan malamai ne, irin gidajen da tun kakanni ake zuwa ɗaukar karatu a zaurensu. Mahaifinsa ya rasu da daminar da ta wuce, ya bar littattafai da yawa da gona kaɗan, ya bar uwar yaron da ƙannensa ƙanana. Ba maganar ya wuce makarantar Midil, domin gidan ba zai iya jiran shekarun ba. Yaron bai taɓa gaya mini komai ba. Uwarsa ce ta gaya wa matata, matata ta gaya mini. Ashe yana da kawu a Goronyo, mai sayen fatu, yana zagaya kasuwannin Wurno da Marnona da Gandi da jakunansa. Kawun ya ce yana son yaro mai karatun boko da zai riƙa saye masa. Ya ce bayan Babbar Sallah zai zo Gandi ya gwada shi. Idan ya iya, ya ɗauke shi, ya riƙa ganin gida duk ranar kasuwa. Idan bai iya ba, akwai ɗan wani abokinsa da ke jira, shi kuwa yaron sai dai ya bi 'yan cin rani kudu, ya bar uwarsa da yara ba babban namiji a gida.

Da na ji haka ban damu ba, domin a kasuwar aji babu kamarsa. Ya ɗaga fata sama ya duba ta ta hasken taga, ya ga hujin da ni ban gani ba. Bakinsa kuma yana da kaifi idan da tsaransa yake.

Wata Alhamis wani ɗan ajin ya miƙa masa fata yana yabonta. Ya juya ta ya ce, "Wagga akuya kura ta hwara ci kahin ku yanka ta?"

"Ƙarya kakai! Ta ubana ta, da kaina na yi kiwonta."

"To shi ya sa. Ga alama kai ka ci rabin dussarta."

Aji ya fashe da dariya. Na buga tebur aka yi shiru, amma a raina na ce kawun nan ya samu yaro.

Mataki na gaba a tsarina shi ne kasuwa ta gaske. Na nemi izni ga hakimi, na jera yara biyu-biyu, muka tafi Gandi ranar kasuwa. Na raba su, na ba kowane rukuni abin da zai tambayo. Babban yaron na ba shi 'yan kuɗina, na ce ya sayo mini fatar akuya ɗaya, na tsaya nesa ina kallo.

Ya nufi wani dattijo mai fatu. Tun kafin ya isa ya tuɓe takalma, ya durƙusa. Dattijon ya dube shi ya ce, "A'a, ba ɗan malam ba na? Allah shi jiƙan malam, ga hannunai ni yi karatu." Suka daɗe suna gaisawa. Yaron ya nuna wata fata da ɗan yatsa, bai ko taɓa ta ba. Dattijon ya faɗi kuɗin da ake fara faɗa wa baƙo, yana jiran a taya. Yaron ya sunkuyar da kai, ya miƙa kuɗin duka. Dattijon ya yi sororo. Kunya ta kama shi shi ma, ya mayar masa da kuɗin, ya naɗe fatar ya ce ya kai wa uwarsa ta yi buzu.

Sauran yaran ma ba su tsira ba. 'Ya'yan gidan hakimi an cika musu aljihu da gyaɗa da ƙuli-ƙuli, ba wanda ya yarda ya faɗa musu kuɗin gaskiya. Mai albasa ya ce da ɗayansu, "Ranka shi daɗe, kai da kasuwar ubanka, mi za ka taya?" 'Ya'yan manoma kaɗai suka dawo da abin da na aike su. A hanyar komawa na kira babban yaron gefe.

Na ce, "Ka ga yankan wuƙa a wuyan fatar nan?"

Ya ce, "Na gani, malam."

"Me ya hana ka faɗa?"

Muka wuce wata gonar dawa. Sannan ya ce, "Malam, ya girme ma babana."

Nan na gane inda matsalar take. A gidansu yaro ba ya ɗaga ido ga babba, ba ya ce masa a'a, ba ya nuna aibin abin da babba ya riƙe. Da wannan aka raine shi, kuma tarbiyya ce mai kyau, ni ma ita nake koya wa yara. Amma masu kawo fatu kasuwa yawancinsu dattawa ne. Bayan Babbar Sallah abin ya fi tsanani, domin mutane suna ba malamai fatun layyarsu sadaka, malaman su tara su kawo kasuwa. Fatun kuwa ba mahauta suka feɗe su ba, masu gida ne da wuƙaƙensu, shi ya sa huji ya yi musu yawa. Wato ranar da kawun zai gwada shi, abokan mahaifinsa ne za su zauna gabansa da fatu masu aibi.

Na duba akwatina, babu abin da zai yi maganin wannan. Sai na ce to ni ne babban da ya fi jin tsoro, bari in sa kaina cikin kayan aikin. Bayan an tashi daga makaranta na tsayar da shi. Na shimfiɗa tabarma a gindin bishiyar bedi da ke tsakar fili, na zauna, na ajiye mafi munin fatun a gabana. Na ce, "Ni mai fata ne. Wannan ta gaba ce, ba ta da aibi. Saya."

Ya durƙusa. Ya dubi fatar, ya dubi ƙasa.

Na ce, "Ƙarya na yi maka. Ka san ƙarya na yi. Faɗa."

Ya ƙara sunkuyar da kai. Na ɗaga murya, abin ya ƙara lalacewa, gumi ya keto masa. Muka yi haka yini bayan yini. Iyakar abin da na samu daga gare shi shi ne, "Yadda ka ce, malam." Watan Babbar Sallah kuwa ya kusa tsayawa.

Ana cikin haka Sarkin Pawa ya zo karɓar fatunsa, ya same mu a gindin bedi. Ya tsaya yana kallo, sannan ya tambaye ni wane irin hukunci ne wannan. Na gaya masa. Ya yi dariya har rawaninsa ya karkace.

Ya ce, "Malam, kai kana son shi ce maka maƙaryaci? Ko ni ban iyawa, ga idanunka kamar na alƙali. Tashi ka ba ni wuri."

Na tashi, ya zauna a tabarmar da ƙyar, ya jawo fatar gabansa. Ya ce da yaron, "Kai ɗan malam, matso. Wa ya ce ka dube ni? Gemuna za ka saye? Sadda kanka ƙasa yadda kuka saba. To mi ka gani nan ƙasa?"

Yaron ya ce, "Hwata."

"Madalla. To da ita za ka yi magana. Ni ka gaishe ni, ka tambayi iyalina, ka yi min addu'a, wannan haƙƙina na. In ka gama, ka bar ni, ka koma gare ta. Ba ni na yi huji ba, ita ta yi. Sa yatsa ciki."

Yaron ya sa yatsa a hujin.

"Ɗaga shi in gani. To, ka ce min maƙaryaci? Ba ka ce ba. Yatsanka na gani ya hito ta bayan akuya."

Yaron ya yi murmushi, kansa a ƙasa. Sarkin Pawa ya ci gaba da nuna masa yadda suke yi a tsakaninsu. Idan dattijo ya yabi kayansa, kada ka musa, ka ce haka ne, sannan ka juya fatar inda aibin yake ka bar ta a buɗe. Idan za ka taya, ka ce iyakar ƙarfinka ke nan, laifin ya koma kanka. Idan ya ƙi, ka naɗe masa kayansa da hannunka ka yi masa godiya. Ni kuma na ɗauki abin da ya faɗa na jera shi mataki-mataki, yadda yaro zai riƙe, na sa cikin ƙa'idar kasuwar Alhamis domin ajin duka.

Daga ranar nan Sarkin Pawa ya riƙa zuwa da la'asar idan ya tashi daga rumfa. Wani lokaci ya zo da wani tsohon majemi, su zauna su biyu suna yi wa yaron tsiya. Majemin ya ce, "Ɗan ga ba shi da kunya, jiya-jiya na gane shi ba wando." Sarkin Pawa ya ce, "Ƙyale shi, boko ya cinye mai ita." Yaron ya koyi jin irin wannan yatsansa yana cikin huji. Ranar da ya fara taya Sarkin Pawa ba tare da muryarsa ta yi rawa ba, dattijon ya jefe shi da takalmi don murna. Da ni kam bai taɓa iyawa ba, sai na daina zama a tabarmar.

Aka yi Sallah. Ranar kasuwar Gandi da ta biyo baya muka tafi ni da shi, ban ɗauki aji ba. Kawun ya riga mu isa, ya kafa rumfarsa a gefen mahauta, jakuna a ɗaure a baya. Mutum ne gajere, mai ƙarancin magana. Muka gaisa, ya dubi yaron sama da ƙasa, ya nuna masa tabarma ya ce ya zauna. Shi ya koma bayan rumfa yana cin goro, ni na tsaya kusa da shi.

Masu fatu suka fara zuwa. Wani saurayi ya kawo, yaron ya duba ya taya, suka daidaita. Wani Bafillace ya kawo, suka ja kaɗan, ya sallama. Kawun ya ci gaba da tauna goronsa. Can sai ga wani tsohon malami yana tafe da sanda, wani jikansa yana ɗauke da ƙullin fatu a ka. Na ga kawun ya daina tauna goro. Ya ce da ni a hankali, "Aminin ubanai na. Shi ya yi mai huɗuba ranar suna." Ya fita ya tari malamin, ya jawo shi rumfarsa da kansa, ya koma baya.

Yaron ya tashi daga tabarma ya durƙusa a ƙasa. Ya gaishe shi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da almuhajirai da ciwon ƙafa. Malamin ya sa masa hannu a ka, ya yi wa mahaifinsa addu'a. Aka kwance ƙullin.

Malamin ya ce, "Ga su nan, ɗana. Bana Allah ya kawo masu kyau. Duk na manyan gidaje na."

Yaron ya ce, "Haka na, Allah shi gafarta malam."

Ya ɗauki ta farko ya ɗaga ta ga rana. Haske ya fito ta wurare da yawa. Ya ajiye ta hagu, a buɗe. Ya ɗauki ta biyu, ta bi ta. Yana yi yana ajiyewa, tarin hagu yana tashi, na dama bai wuce 'yan ƙalilan ba. Malamin yana kallo, fuskarsa tana sauyawa.

Ya ce, "Mi ka ke yi haka, kana rarraba min kaya kamar gado?"

Yaron bai ɗago ba. Ya sa yatsa a hujin wata fatar rago ya ce, "Allah shi gafarta malam, wuƙa ta taɓa su."

"Wuƙa ta taɓa su! Da haƙori aka hiɗa a garinku?"

Mahautan da ke gefe suka yi dariya. Malamin ya faɗi kuɗinsa, na ƙullin gaba ɗaya. Yaron ya taya, ya ce iyakar ƙarfinsa ke nan. Tayin daidai yake da kayan, kowa a wurin ya sani, amma yana nesa da abin da malamin ya faɗa.

Malamin ya ce, "Albarka." Sannan ya sassauta murya, wannan kuwa ya fi faɗan zafi. Ya ce, "Ni na ɗauke ka a hannuna kana jinjiri. Da ubanka na da rai, da ba ka zamna gabana kana nuna min huji ba."

Na tausaya wa tsohon. Fatun nan su ne abin da yake samu a shekara, da su zai sayi hatsin da zai kai shi girbi. Na kuma dubi yaron. Ya buɗe baki, na tabbata cewa zai yi a bar su yadda malam ya ce, kuɗin kuwa na kawunsa ne. Na ji kamar in yi gyaran murya, na hana kaina. Kawun yana tsaye kamar an dasa shi.

Yaron ya ƙara ɗan abu kaɗan a kan tayinsa. Malamin ya girgiza kai. Sai yaron ya jawo fatun, ya haɗa na hagu da na dama, ya naɗe su da kyau, ya ɗaure igiyar, ya ɗora wa jikan a ka. Ya ce, "Na gode, Allah shi gafarta malam. Allah shi kawo wanda ya hi ni ƙarhi." Hawaye na zuba a fuskarsa yana faɗa.

Malamin ya dogara sandarsa ya tashi, ya tafi bai waiwayo ba.

Yaron ya zauna a ƙasa inda yake. A ganinsa ya yi hasara biyu, ya ɓata wa aminin mahaifinsa rai, ya kuma bar ciniki ya kuɓuce a gaban kawu. Kawun ya fito daga bayan rumfa, ya tofar da goro, ya tsaya a kansa.

Ya ce, "Share idonka, mutane na kallo. Mai saye ina samu ko'ina. Wanda ka iya barin kaya su wuce, shi ni ka nema. Ka gaya ma uwarka ta haɗa maka kayanka, kasuwa mai zuwa da kai za mu Wurno."

Ya juyo gare ni ya ce, "Malam, ku kuka koya mai kukan ko gida ya taho da shi?"

Na ce, "Da shi ya taho daga gida."

Yaron bai ƙarasa aji huɗu ba, wannan kuwa ya yi mini ciwo, domin shi ne na ɗaya. Da ya zo sallama na tambaye shi ko ya je ya gai da tsohon malamin. Ya ce ya je, ya daɗe a zaure, malam bai fito ba. Na ce ya koma, kuma ya riƙa komawa duk lokacin da ya zo gida, ko an fito ko ba a fito ba. Ya ce to.

Ranin nan bai tafi kudu ba. Duk ranar kasuwar Gandi yana kwana a gida, ƙannensa suna tarbarsa tun daga bakin gari, matata kuma ta ce hayaƙi bai yanke a gidan ba har ruwa ya sauka. Da shekara ta zagayo, tsohon malamin ya sake kawo fatunsa Gandi. Ya wuce rumfar yaron ya kai wa wani mai saye. Yaron ya bar tabarmarsa ya bi shi, ya durƙusa a cikin jama'a ya gaishe shi. Malamin ya amsa, ya tambayi uwarsa da yara, ya sa masa hannu a ka. Fata dai bai sake kawo masa ba har ya bar duniya.